Bangon Inna da Na Shafe da Siminti

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka kai Inna Kulu makwancinta a bayan ƙauyenmu, kusa da Abu Na'ama, daidai lokacin tsinkar auduga. Duk shekara idan auduga ta buɗe sai in ce bana zan rubuta wani abu a kanta, in ɗauki alƙalami, in sake ajiyewa. Ba abin yabo na rasa ba. Abin da ke riƙe mini hannu shi ne, ba yadda zan ba da labarin mahaifiyata ban faɗi ɓarnar da na yi mata ba. To, bana na gaji da ɓoyo.

Inna mai zanen ɗaki ce. Da ruwa ya ɗauke, mata su fara aiko mata daga ƙauyukan bakin kogi, har daga wajen Sinja. Takan kwaɓa laka da kashin shanu da ruwan bagaruwa, ta bar ta kwana uku ta ruɓa, sannan ta yaɓe bango da tafin hannu. Kafin lakar ta sha iska sai ta bi ta da yatsu uku: nan sarƙa, nan dagi, can saman ƙofa sawun zabuwa. Ba ta awo, ba ta gogewa. Bakinta kuma ba ya hutawa. Idan matar gida ta cika surutu kan ga yadda take so, sai Inna ta miƙa mata ƙwaryar laka ta ce bismilla, tunda ashe malama ce. A yi dariya, matar ta koma gefe ta zuba ido.

Amma a ɗakinta akwai zane guda da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Layi ne ɗaya, ya tashi daga bakin ƙofa ta yamma, ya bi bango yana lanƙwasa har ya ƙare a kusurwar gabas, bisa angarib, gadon igiyar da take kwana. A jikinsa akwai ƙulli ashirin da ɗaya. Mahaifiyarta, Kaka Ige, ita ta fara jan sa da yatsanta shekarar da aka gina ɗakin, bayan sun yi tafiyar shekaru a ƙasa daga Sakkwato zuwa nan gabas, cikin Larabawa. Kowane ƙulli wuri ne da suka yi damina, ko suka binne nasu. Kaka ba ta iya rubutu ba, Inna ma haka, saboda haka bangon nan shi ne littafinsu. Duk shekara Inna takan shafa sabuwar laka siririya, ta zura yatsa cikin tsohon gurbin ta bi shi a hankali, tana kiran sunan wurin da sunan wanda aka bari a can, tana yi musu addu'a. Wato yatsanta na bin sawun yatsan uwarta ne. A ƙulli na goma sha uku, kamu ɗaya daga taga, takan tsaya ta yi murmushi, don a nan aka haife ta.

Na ji wannan karatu tun ina yaye har na yi gemu, ban taɓa riƙe shi ba. Me zai sa in riƙe? Ga bango, ga Inna.

Da na samu aiki a ma'aikatar ban ruwa ta Makwar, sai idona ya buɗe, ko in ce ya rufe. Na shiga gidajen ma'aikata na ga bango sumul, an shafe da siminti an bi da jir, wato farar ƙasa, ba ƙura ba tsaga. Na dawo gida na dubi ɗakin uwata, wallahi sai na ji kunya. Daidai lokacin kuma tari ya kama ta, aka kwantar da ita a Sinja mako biyu, likita ya ce ta guji ƙura. Na samu hujja. Na riƙa gaya wa kaina don lafiyarta zan yi, kuma akwai wannan a ciki, amma yau zan faɗi gaskiya: rabin abin son a ce ɗan Kulu ya zama wani ne.

Na ɗauko magini daga Makwar. Mutumin, da ba ma Bahaushe ba, ya tsaya gaban layin ya daɗe yana kallo. Ya ce siminti ba ya kama irin wannan laka sai an kankare ta har jikin tubali, ko kuwa ya bar wannan gefen kada ya taɓa?

Na ce, "Kankare duka."

Ranar da aka sallamo ta, na taro ta da murna, na buɗe mata ƙofa kamar mai nuna wa amarya ɗaki. Ta shiga ta tsaya. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, ita da ko miya ta yi gishiri sai unguwa ta ji. Ta je bakin ƙofa ta yamma ta ɗora yatsa a kan farin bangon, ta fara jan sa tana kiran sunaye. Ta kira na ɗaya, na biyu, har na bakwai. Daga nan yatsan ya zame, don babu gurbin da zai riƙe shi. Ta koma farko ta sake, ta sake tsayawa a wuri guda. Ashe ba a kanta karatun yake ba, a yatsan yake.

Ta juyo ta dube ni ta ce, "Ɗana, Allah shi yi maka albarka, ɗaki ya yi haske. Amma mutanena fa, ina ka zuba su?"

A bayan katangar gida aka zuba su, kuma har an yi ruwa a kai.

Shekara biyu ta ƙara a duniya. Mata suka yi ta aike, ta ce hannunta ya mutu. Na kawo mata laka na ce ta ja wani a ɗakin ƙanwata, ta ce wanda ba ta san tsakiyarsa ba, ba za ta yi wa matattu ƙarya ba. Sau nawa na yi niyyar in zauna da takarda in rubuta ko bakwai ɗin nan, in tambaye ta sunan garin da aka haife ta, sai kunya ta hana ni tayar da maganar, in ce gobe. Haka na yi ta gobe har aka wayi gari babu ita.

Yanzu nakan tambayi kaina me za ta ce da ta leƙo ƙauyen nan. Duk wanda hawasharsa, wato gonarsa ta ban ruwa, ta yi albarka, abu na farko siminti da shuɗin fenti, sai hotunan kalanda da kwanonin kanti jere a kabad. Ba na zargin kowa, ni na fara. Har yau ana nuna ɗakin Inna ana cewa shi ne na farko da aka yi wa gyaran zamani, wasu har yaba mini suke. Matan da suka ga aikinta sun tsufa, waɗanda suka koya kaɗan sun bari, don yatsa ba ya shiga siminti. Ina jin da ta gani ba za ta yi faɗa ba, za ta dai nemi inda za ta dafa ta rasa.

Me ya rage nata? Na zaga ƙauyuka uku bara ina neman ɗakin da ke da zanenta, na samu guda, an mai da shi wurin ajiye buhunan dawa, sawun zabuwar ya rage rabi. A kaina kuma sunaye uku suka saura cikin ashirin da ɗaya, su ma ban tabbata wanne ke gaba da wanne ba. Sauran, mutanen da suka mutu a hanya don mu iso nan, babu mai kiran sunansu a addu'a, kuma babu wanda zai sake kira har abada.

Kwanan baya ɗiyata Hajo, wadda Larabci ya fi zama a bakinta fiye da Hausa, ta tambaye ni a ina aka haifi habbobarta, wato kakarta, wai malamarsu ta ce kowa ya rubuto asalinsa. Na kama hannunta na kai ta ɗakin. Na auna kamu ɗaya daga taga, na ɗora yatsanta a kan farin bangon, na ce a nan.

Ta ce, "Baba, nan ɗin mene ne sunansa?"

Na ce ban sani ba.