Ma'aikatan Kawu Sule

Duk wanda ya yi aiki da Kawu Sule ya san ba a gaishe shi da safe sai ya gama gaida mutanensa. Ko kai darakta ne, tsayawa za ka yi. Zai ajiye tsohuwar motar nan tasa mai tari a bakin lambu, ya rataya lema a hannu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. "Makaɗi, an tashi lafiya? Dogo, ya ƙafar? Tagwaye, an kwana ana faɗa ko?" Bayan kowace gaisuwa sai ya ɗan dakata kamar mai jiran amsa. In ka kuskura ka sa baki, ya juyo ya ce, "Ba ka ga ina magana da manya ba?"

Ku da kuka san shi kun san su waye manyan. Don yaran da aka haifa daga baya nake bayani. Mutum-mutumai ne na gidan kayan fasaha inda yake aiki. Makaɗi na itace ne, Dogo an haɗa shi da tsofaffin ƙarafan mota, Tagwaye kuwa na siminti. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, a hannunsa na zauna a unguwar Obalende ta Legas lokacin da nake buga tafireta a ma'aikatarsu. Tun a Legas magana ɗaya ce a bakinsa: "Ni dai kada a kai min su sito. Abin da aka sassaƙa don a gani, in ka kulle shi a duhu, ka binne shi da rai." Wannan ce kaɗai rigimarsa a duniya, kuma da ita ya tsufa.

Da gwamnati ta tashi daga Legas za ta koma Abuja, aka ba manyan ma'aikata tikitin jirgi. Kawu ya mayar da nasa. Ya ce shi a bayan tirela zai zauna tare da mutanensa, don bai yarda da igiyar kowa ba. Anti Rakiya, matarsa, ta yi magiya har ta gaji, ta ɗaure masa dambun nama a leda ta ce Allah ya shirya. Oga Sande direba ne ya ba mu labarin abin da ya faru wajen Lokoja. Wani ɗan sanda ya tsayar da su, ya hau ya ɗaga tampol, sai ga fuskar Dogo da idanun fitilar mota. Mutumin ya diro ba shiri, hularsa ta yi nata wuri.

"Oga, su waye wannan?"

Kawu ya leƙo daga ƙarƙashin lema ya ce, "Ma'aikatan gwamnatin tarayya ne. An yi musu canjin wurin aiki."

"To me ya sa ba su magana?"

"Manyan ma'aikata ne, ɗana. Ka taɓa ganin sun amsa wa wani?"

Oga Sande ya rantse ɗan sandan sai da ya sara musu kafin ya ɗaga shinge.

Sun iso Abuja, ginin da aka ce an gama musu babu shi babu alamarsa. Allo ne kawai a tsakiyar ciyawa, a inda yanzu ake kira Maitama. Wallahi lokacin gonakin dawa ne da duwatsu, in ka tsaya shiru har kukan makwarwa kana ji. Wani jami'i ya ce a wuce da kayan sito kafin a yi gini. Kawu ya ce tirela ta gaji, a sauke su nan gindin ɗorawa, na wucin gadi. Washegari ya zo da fartanya. Ya share ciyawa, ya jera su, ya fitar da 'yar hanya tsakaninsu da tsakuwar da ya roƙa a wajen masu yin titi. Haka aka samu lambun, ba wanda ya zauna ya tsara shi. Sannu a hankali 'yan makaranta suka fara zuwa, masu sabon aure suna ɗaukar hoto a jikin Tagwaye, direbobin ofisoshin jakadanci suna cin abincin rana a inuwar Dogo.

Maƙo kuwa, Allah ya gafarta masa, ba a magana. Bai taɓa sayen man goge ƙarfe ba. Direbobin nan yake bi da galan yana karɓar baƙin man da suka juye daga inji, shi yake shafa wa Dogo. Makaɗi kuma sai man kaɗanya, kuma duk mun san daga kwabar wa yake fitowa. Anti Rakiya ta ce, "Malam, itacen nan ya fi ni sheƙi." Ya ce, "Ke ai kina da inuwa, shi a rana yake kwana."

Labari ya kai Zariya cewa Sule ya zama mai gadin gumaka. Yayansu, Kawu Malam, ya hau mota musamman ya zo. Ya zagaya lambun hannu a baya, fuska a murtuke, har suka zo gaban Makaɗi ya ja ya tsaya.

"Sule, karatun da Baba ya ba ka ke nan?"

"Yaya Malam, ka kwantar da hankalinka. Ni ban taɓa roƙonsu komai ba. Su ne kullum suke roƙona. Wannan mai, wannan inuwa, wannan a kore masa ƙadangare."

Kawu Malam ya so ya ci gaba da faɗa, dariya ta ci ƙarfinsa. Da la'asar ta yi suka fita bakin hanya suka yi salla tare. Da zai tafi ya waiwaya ya ce, "Wancan dogon, ka ƙara masa mai a gwiwa."

A cikinsu akwai wata mace ta tagulla, doguwa, da tulin itacen girki a kanta. A Legas aka ƙera ta takanas don sabon birni, har da allo a ƙafarta: Matar Abuja. Matan Gbagyi da ke ratsa lambun zuwa gona, duk sanda suka zo gabanta sai su fashe da dariya. Abin ya dami Kawu, ya tare babbarsu, Laraba, mace mai baki kamar reza.

"Laraba, me matar nan ta yi muku?"

"Oga, wannan mata wane gari ne shi? Ba namu ba ne. Mu ba ya sa kaya a kai. Kai sarki ne, a kafaɗa muke ɗauka."

Ya duba, ga su kuwa a gabansa, kowacce da kayanta a bayan kafaɗa, kai a sake. Wani ya ba shi shawara a kira mai walda a sauko da itacen. Ya ce Allah ya kiyaye, aikin wani ne, ba ya taɓa shi. Sai ya cire allon, ya juya bayansa ya rubuta: Baƙuwa. Ya dube ta ya ce, "Ashe ke ma irinmu ce. Sannu da zuwa." Daga ranar Laraba ta ɗauke ta ƙawa. Ran nan ta ajiye mata doya a ƙafa, wai baƙo ba ya kwana da yunwa. Kawu ya rugo yana ɗaga lema: "Laraba, ki rufa min asiri! Da ƙyar na sallami Yaya Malam." Ta ce to shi ya ci a madadinta. Doyar kam bai mayar ba.

Shekaru suka tafi. Gidaje masu dogayen katanga suka kewaye lambun. Aka tashi su Laraba, aka mayar da su can wajen Bwari. Kawu ya yi ritaya, amma ko fashin kwana ɗaya bai yi ba, wanda aka naɗa a gurbinsa ma shi yake tambaya ina makulli. Ana nan sai umarni ya zo cewa an ba wani filin, a kwashe kaya a kai sito. Tsohon nan ba ofishin da bai shiga ba. Masinjoji suna hango lemarsa suke ɓuya. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, har rigar sallarsa ya sa ya je gaban wani yaro da ya taɓa koya wa aiki. Bai yi nasara ba.

Ranar kwashewa ni na kai shi. Ban san wa ya gaya wa Laraba ba, sai ga ta da matan garinsu, ta tsufa, ta rame. Su suka ɗauki ƙananan mutum-mutuman a kafaɗa suka kai mota, don kada lebura su yi jifa da su. Ta ce masa, "Oga, mu ma haka aka ɗauke mu."

Siton wani dogon ɗakin kwano ne a bayan gari, ko taga babu. Kawu ya tsaya a bakin ƙofa ana shiga da su. Makaɗi ya wuce, Tagwaye suka wuce, aka kwance Dogo gunduwa-gunduwa aka shigar. Tunda nake da shi ban taɓa ganin ya rasa abin faɗa ba sai ranar. Na ji tsoro, wallahi, na riƙe masa hannu.

Saura Baƙuwa. Aka turo ta, itacen kanta ya daki saman ƙofa. Aka ja baya, aka karkata, ya sake daka. Shugaban lebura ya share gumi ya ce a kawo zarto a yanke kayan, daga baya a liƙa.

Nan Kawu ya farfaɗo. "Wanda zai yanka ya fara gaya min sunansa da na ubansa."

"To Baba, a kwantar da ita."

"Matar mutane? A gaban jama'a? Kuma in wuyanta ya karye kai za ka haifo wata?"

Rana ta take, yunwa ta kama kowa. Suka gaji suka jingine ta a waje gefen ƙofa, wai sai an zo an ɗaga ƙofar. Laraba, da ta biyo mu har siton, ta matso tana kallon itacen nan da ta yi shekaru tana yi wa dariya, ta ce, "Ka gani, Oga? Da a kafaɗa ya ɗauka, da yanzu yana ciki."

Kawu ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Hawaye na zuba, ni dai ban tambaye shi na mene ne ba.

Har yau ba a ɗaga ƙofar ba, tana nan tsaye a waje. Ita kaɗai ya tsirar a cikinsu duka. Da ƙafa ta gaza, ni nake kai shi duk Asabar. Ya zauna kusa da ita a kujerar roba, ya juya wa ƙofar sito baya. Mai gadin ya sha cewa zai buɗe masa ya leƙa sauran, ya ce a'a, ba zai iya haɗa ido da su ba.

Ina kewarsa, jama'a. In na bi ta Maitama na ga katangar da ta cinye lambun, sai in rage gudu ba dalili, masu mota suna yi min ham. Ranar da maza suka ɗauke shi zuwa maƙabarta, muna zaune da Anti Rakiya a tsakar gida, ta ce da ni a hankali, "Malam fa ba ya son wuri mai duhu."

Ya Allah, ga bawanka Sulaimanu. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka cika shi da haske. Ka buɗe masa ƙofa zuwa lambun da ba a tashin kowa. Amin.