Malam Riskuwa Mai Inabi, da Ruwan da Na Zuba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Disamba na 1987, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Riskuwa Attahiru, tsohon malamin gona, a asibitin Birnin Kebbi, bayan jinyar wata biyu. Aka kawo shi gida Argungu, muka yi masa sutura bayan la'asar. Ya bar matarsa Hure da 'yarsa Sakinatu da jikoki uku. Ni Hodi, maƙwabcinsa na shekara ashirin da shida, manomin albasa, ni ne na rubuta wannan, kuma da nauyi a zuciyata nake rubutawa.

Riskuwa, mutanen gari sun san ka da suna Mai Inabi, amma kaɗan ne suka san yadda abin ya faro. A shekarar 1977 aka tura ka kwas na wata shida a Aljeriya. Abokan tafiyarka suka dawo da rediyo da darduma. Kai kuwa ka sauka a tashar mota rungume da sanduna uku, kowace ba ta fi kamu ɗaya ba, naɗe cikin jiƙaƙƙen rawaninka. Na yi maka dariya ran nan har na riƙe ciki. Na ce mutum ya ƙetare hamada ya dawo da asawaki.

Ka ce mini irin inabi ne, sunansa Girinash, mu kuma bakinmu ya mai da shi Garnashi. Ba ka ɓoye wa kowa abin da ake yi da shi a can ba. Ka ce giya ake matsewa, tun zamanin Faransawa. Daga itaciya ɗaya ake fitar da ja mai kauri, da mai launin ruwan goro marar nauyi, da mai zaƙi, kuma in wani irin ya cika tsami ko ɗaci, ita ake zubawa ta sassauta shi. Wani tsohon manomi a can ya gaya maka ba ta gardama da kowa a cikin randa. Kai ba ka taɓa kai ko ɗigo bakinka ba, na shaida wannan. Halin itaciyar ne ya kama ka. Tana son rana mai ƙuna, tana tsayawa a iska, tana zama a tsakuwar da ko gero zai ƙi. Ka ce idan itaciya ta iya wannan a can, me zai hana ta ciyar da Musulmi a nan ta hanyar halal.

Biyu ka dasa a fadama, damina ɗaya ta kashe su. Ta ukun ka kafa ta a bayan gidanka, a tudun marmara inda awaki ma ba sa tsayawa. Ita ce ta kama.

Shekara ta uku ta yi 'ya'ya, gungu-gungu, baƙi-baƙi masu siririn ɓawo. Nan fa surutu ya tashi. Aka ce Riskuwa ya kawo itaciyar mashaya cikin unguwa, wasu mata suka hana 'ya'yansu bin lungunmu. Liman Usmanu, wanda ke jan mu salla a masallacin unguwa, ya zo da kansa, fuska a murtuke. Ka shimfiɗa masa tabarma a gindinta, ka matse gungu biyu a gabansa, Hure ta ɗora ruwan a wuta nan take ya tafasa, aka bari ya huce aka miƙa masa. Ya kurɓa, ya sake kurɓa. Sai ya ce, "To, wanga dai ba ya da laihi. Akwai saura?" Da ƙwarya ya koma gida, kuma daga ranar maganar ta mutu.

Bayan haka babu abin da ba ka fitar daga itaciyar nan ba. Wanda ya nuna sosai ka shanya shi a kan rufin soro ya zama zabibi. Wanda tsuntsu ya fasa ka mai da shi ruwan khal, ruwan tsamin nan da ake jiƙa kifi da nama, masu yankan kifi na bakin gulbi suna zuwa roƙo. Wanda bai gama nuna ba Hure ta sa a miya maimakon tsamiya. Ko rassan da ka sare ba a yar da su, da su ake gasa kifi a gidanka. Ba ka taɓa kai ƙwaya ɗaya kasuwa ba. In mace ta haihu a unguwa, ƙunshin zabibi na zuwa daga wurinka kafin ranar suna. Lokacin da mahaifiyata Inno ta kwanta ciwon ajali, ta ƙi tuwo ta ƙi fura, ruwan inabinka kaɗai take haɗiya, cokali-cokali, har kwana goma sha ɗaya. Kullum da safe kai ne kake kawowa da hannunka, ka durƙusa daga bakin ƙofa ka gaishe ta. Ban manta ba.

Abu ɗaya ne ban taɓa yarda da kai a kansa ba. Duk shekara, da zarar damina ta ɗauke, sai ka hana itaciyar ruwa ƙwarai, har ƙasa ta tsage. Sannan ka bi ta ganye-ganye kana tsigewa, ka sare rassa, ka bar ta tsirara kamar kara. Ka yi mini bayani ba sau ɗaya ba. Ka ce a ƙasarta sanyi ne ke sa ta barci, mu kuwa ba mu da irin wannan sanyi, don haka ƙishirwa ce za ta kwantar da ita, in ba ta yi barci ba kuwa ba za ta haihu ba. Ka ce saiwarta ba ta jure ruwa a kwance. Ina jin ka, ina gyaɗa kai, amma ni ɗan fadama ne jikan ɗan fadama. A wurinmu shuka in ta yi yaushi ruwa take nema, kuma mutumin da ya ga haka ya wuce ba shi da imani. Nakan tsokane ka in ce ranar lahira itaciyar nan za ta kai ƙararka.

A farkon Oktoba ciwon ciki ya kayar da kai. Ka riga ka tsige ganyen, ba ka kai ga sara ba. Da za a sa ka a mota zuwa Birnin Kebbi, ka kama hannuna ka ce, "Hodi, ga ta nan. Kak ka ba ta ruwa, ko ɗigo. In na dawo ni ka sare ta."

Na ce to. Mako guda na riƙe alkawari.

Sai na je duba ka, na tarar ka rame, idanunka sun faɗa. Na dawo na leƙa bayan gidanka, na ga itaciyar a bushe, babu ganye ko ɗaya, ƙasa ta dare a gindinta. Zuciyata ta kasa ɗauka. Na ce a raina mai ita yana can yana ƙarewa, ita ma a bar ta ta ƙare? Na ce bari ya dawo ya tarar da ita kore shar, ko ya ji ƙarfi. Na yi mata abin da na iya. Na ɗebo laka daga fadamata a kan jaki, na zagaye ta da fangali irin na albasa don ruwa ya zauna, na zuba taki, na shiga ba ta garwa huɗu safe, huɗu yamma. Hure ta leƙo ta ce, "Malam Hodi, ba haka shi ka yi ba." Na ce mata ta bar ni, noma ba yau na fara ba.

Ta tofo kuwa. Cikin mako biyu ganye ya rufe ta, na riƙa kiran mutane su zo su gani.

Ranar da na zo maka da albishir, Sakinatu na zaune a gefen gadonka, ta taso daga gidanta na unguwar Badariya da kunu. Na ce maka itaciyarka ta yi kyan da ba ta taɓa yi ba, na faɗa maka duk abin da na yi, ina murmushi. Ka daɗe kana dubana. Sannan ka ce, "Kwana nawa?"

Na ce, "Yau arba'in."

Ka rufe ido. Na jira faɗa, wallahi da ka zage ni da ya fi mini sauƙi. Sai ka ce a hankali, "Allah shi saka maka da niyyarka, Hodi. Koma yanzu. Hwasa fangalin, ka yanko rassa masu kauri ka dasa bisa tudu, ko Allah na sa guda ta kama."

Ban tsaya azahar ba. Da na iso, na ga abin da na ƙi gani kwana da kwanaki: ganyen ƙasa ya soma rawaya, sababbin rassa sun langaɓe. Na fasa fangalin, na tona gindin da hannu. Saiwar ta yi baƙi, tana wari, tana saɓulewa a yatsuna. Na yanki rassa goma sha biyu na dasa a tudu kamar yadda ka ce. Ina duba su kowace safiya. Babu wanda ya tofo, jiya na karya na ƙarshe na ga ya bushe har ciki.

Sau biyu na sake zuwa asibiti bayan haka, ba ka tambaye ni labarin itaciyar ba, ni ma ban faɗa ba. Muka yi hirar farashin kifi da ruwan gulbi da ya ja baya. Na san ka sani.

Babu wata Garnashi a Argungu, babu a Birnin Kebbi, ban ji labarinta ko'ina a Jihar Sakkwato ba. Duk waɗanda ka ba reshe a shekarun baya sun kashe nasu da ruwa, kamar yadda na kashe uwar. Babu wanda ya zauna ya koyi saran daga hannunka, muna ganin kana nan. Ba na zaton wani zai sake ɗauko ta daga can, in ma ya ɗauko, hannun irinmu za ta faɗa. Aikin shekara goma na mutumin kirki ya ƙare a garwata.

Na nemi gafarar Hure, ta ce ta yafe. Na nemi ta Sakinatu, ta yi kuka ta ce Baba bai riƙe ni a zuciya ba. Na yarda da su. Amma a bakinka nake so in ji, kuma na bari har aka rufe ka ban roƙa ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hure, da Sakinatu da mijinta da 'ya'yansu, da dangi na Argungu da Augie, da abokan aikinsa. Allah ya ba ku haƙurin da ya fi nawa. Ya Allah, ka jiƙan bawanka Riskuwa, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ka sa abin da ya ciyar da marasa lafiya da masu jego ya tsaya masa ranar da babu mai tsaya wa wani. Ka saukar da shi a Aljanna Firdausi. Ni kuma, ya Ubangiji, idan tawa ta zo, ka haɗa ni da shi ko na ɗan lokaci ne, in faɗa masa abin da na kasa faɗa a bakin gadonsa. Amin.

Hodi Maiwada, Argungu