Ranar da Liman Ya Ƙi Tayar da Sallar Roƙon Ruwa

Shekaru sun ja, mantuwa ta fara kama ni, amma akwai wata safiya a ƙauyenmu na ƙasar Doguwa da har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba.

Masara ta kai gwiwa a shekarar, sai ruwa ya ɗauke cak. Rijiyoyin gari suka ƙafe, saura ɗaya a bakin rafi, tsakaninmu da unguwar Kiristoci da ke tsallake. Hausawa ne 'yan'uwanmu, kakanninmu tare suke gayya, amma ƙishirwa ba ta san zumunci ba. Mu mata, da baki ba ya hutawa, mu muka kunna wutar. Daga wa zai fara zura guga aka fasa tulu, aka kai ƙara gida, maza suka ɗauka da zafi. Samarinmu suka rantse ba Kiristan da zai ƙara ɗiban ruwan nan, nasu ma suka ce a zuba a gani. Kowane gida sai ka ji ana wasa adda.

Ana cikin haka liman ya sa ranar roƙon ruwa. Muka yi azumi, muka daka gumbar sadaka, muka fita filin idi da tsofaffi da yara, har Fulanin ruga da 'yan maruƙansu. Maza duk sun sa rigunansu baibai, yadda aka saba a irin wannan rana.

An daidaita sahu ke nan sai liman, tsohon da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya juyo ya dube mu. "Da wane baki za mu roƙi Allah ruwa, mu da muka hana maƙwabci ruwa? Ni dai ba zan tayar ba." Ya ɗauki sandarsa ya nufi rafi, jama'a suka bi shi. Ni kam a raina cewa nake tsohon nan zai sa a mayar mana da 'ya'ya marayu.

Ashe su ma suna cikin cocinsu suna azumi a kan ruwan. Da suka hango taro, samarinsu suka fito da sanduna. Sai mahaifin fastonsu, wani tukuf da ya girmi limaminmu, ya ratsa gaba. Ya ƙare wa mazanmu kallo, ya ce wa yaransu su ajiye, wanda ya zo faɗa ba ya juya riga. A gabanmu ya tuɓe tasa, ya juya ta baibai, ya mayar.

Liman ya rusuna ya gaishe shi, ya ce, "Baba, gafara muka zo nema."

"Malam, tashi," in ji tsohon. "Gonata da taka a jere suke ƙonewa."

A kan yashin rafin muka yi sallarmu, su suna tsaye a gefe, kai a sunkuye. Da muka idar fasto ya ɗaga hannu ya yi tasa addu'ar. Ba wanda ya umarce mu, sai na ji amin ta tashi daga bakin kowa a lokaci guda. Tsoron Allah ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Matar unguwarsu da aka fasa wa tulu tana kusa da ni, muka haɗa ido, duk muna hawaye.

Ba a yi ruwa ranar ba, sai bayan an kwana biyu, kuma gyaɗata ta riga ta tafi. Amma ba a zubar da jinin kowa ba. Tun daga nan na gane cewa mutanen da suka tsaya gaban Allah tare da buƙata ɗaya, da wuya su iya ɗaga wa juna makami.