Haruffan da Yaya Ke Sa wa Ƙugiya

Da hantsi ne, ina shagona a Dogon Dutsi ina buga wa wani mai sayar da albasa takardar neman rumfa, waya ta yi ƙara. Lambar matar yayana ce, amma muryar namiji na ji, maƙwabcinsu na ƙauye kusa da Dumega. Ya gaishe ni, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya sake tambayar gida. Daga nan na san akwai magana.

"Sai haƙuri," in ji shi. "Mushe ya cika ɗazu da safe."

Na ce Inna lillahi. Mai albasa ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Na ƙarasa masa layi biyun da suka rage, na fitar masa da takardarsa, sannan na rufe shago. Har yau ban san abin da ya sa na ƙarasa ba.

Mu biyu muka rage a ɗakin uwarmu, shi babba, ni auta, kuma da Auta yake kirana har na yi furfura. Shi malamin yaƙi da jahilci ne, manya yake koya wa karatun Hausa a ƙarƙashin rumfar kara, shi ya sa ƙauyen ke ce masa Mushe, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu. Ni lakwal, makarantar boko, ban yi nisa ba, na koyi bugun takardu na zauna a kai. Aure da aiki sun raba mu shekaru da yawa, sai salla ko rasuwa ke haɗa mu. Abin da ya dawo mini da shi wani ɗan littafi ne da ya ƙudura zai yi wa ɗalibansa. Ya ce ya gaji da sa dattijo mai jikoki yana karanta labarin abin da bai taɓa gani ba. Yana so su karanta gonarsu: shuka da sungumi, maiwa da geron zango, ƙarangiya, ƙalgo, sabara, yadda ake ɗaurin damin hatsi. Yakan rubuta da hannu a kaye, irin littafin rubutu na ƴan makaranta, duk ranar kasuwar Dutsi ya shigo motar ƴan kasuwa ya kawo mini in buga.

Matsalar ita ce allon bugu na kwamfutata na Faransanci ne. Akwai é, akwai è, akwai ç, duk suna zaune a layin sama. Amma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ƴ. Ran farko Yaya ya sunkuya ya daɗe yana duban madannan ɗaya bayan ɗaya.

"Wanga inji bai san da mu ba," ya ce.

"To ya za mu yi?"

"Ki buga masa abin da ya sani. Sauran nawa ne."

Haka muka tsara. Ni in buga k da d da b da y ba ƙugiya, in fitar a takarda, shi kuma ya zauna a kan benci kusa da ƙofa, ya ɗora takardar a kan wani katako a cinyarsa, ya bi layi-layi da baƙin alƙalamin bik yana sa wa kowane harafi ƙugiyarsa. Yakan cire murfin bik da haƙori ya bar shi a baki. Ƙugiyarsa ƴar ƙarama ce, mai tsabta, in ba ka kawo ido kusa ba sai ka ce injin ne ya yi. Shafi ɗaya yakan ci masa rabin awa. Na taɓa cewa ya ba ni in taya shi, ya janye takardar.

"Ke? Da hannun nan naki mai kamar tafiyar kaza? Bari dai."

"Hannun da ke buga maka kyauta?"

"Shi ɗin. Ya tsaya inda Allah ya aje shi."

Saboda wannan aikin yakan wuni. In azahar ta yi ya je masallaci ya dawo, in aiko a kawo mana fura daga wajen wata Bafillata da ke zama bakin tasha. Yana sa ƙugiya yana magana, kansa a ƙasa. A nan na ji abubuwan da ban taɓa sani ba: shekarar da babanmu ya sayar da raƙuminsa, yadda innarmu ta goya ni ta taka har Tibiri neman magani, sunan rijiyar da ta ƙafe kafin a haife ni. Ina jin da ido cikin ido ne da bai faɗa ba. Takardar ce ta ba shi wurin aje idonsa. Sai la'asar sakaliya yake bin motar ƙarshe.

Mun yi wajen shekara a haka. Sai wata rana wata sakatariya daga wani ofis ta zo shagona, injinsu ya lalace. Ta ga takardun Yaya a kan tebur, ta yi dariya, ta ce ai haruffan suna cikin kwamfutar, ɓoye suke. Ta buɗe mini wani allo cike da alamomi, na Girka, na Larabci, da waɗansu da ban san na wace ƙasa ba ne. Muka yi ta gangarawa har ga ƙ nan a cikin ɗan gidanta, ga ɗ, ga ɓ. Ta nuna mini yadda zan ɗaura kowanne a kan madanni biyu, in danna tare ya fito. Ta gargaɗe ni cewa ba kowane salon rubutu ke ɗauke da su ba, wani sai ya fito da ɗan akwati fanko, ta zaɓar mini wanda ke yi. Na yanka farin salatif ƙanana na manna a kan madannan, na rubuta haruffan a kai don kada in manta.

Murna na yi, ba zan ɓoye ba. Kwana uku ina sake buga darussan da muka riga muka gama. Na ƙosa ranar kasuwa ta zo.

Da ya zo na miƙa masa takardun. Ya zauna a bencinsa, ya ɗora katako, ya cire murfin bik da haƙori. Ya bi layin farko da yatsa. Ya bi na biyu. Ya juya shafin. Sannan ya cire murfin daga bakinsa ya mayar wa bik ɗin.

"Auta, wa ya yi wanga?"

"Ni da injina."

"Ashe ya san da mu." Ya ɗaga takardar wajen haske. "Kai, ya yi kyau. Wallahi ya yi kyau. To kin kore ni aiki ke nan."

Muka yi dariya. Ya zauna kaɗan, ya tambayi yara, ya dubi hanya. Babu abin yi a hannunsa, ni kuma ga mutane suna jira. Kafin azahar ya ce bari ya bi motar farko tunda an gama. Na raka shi bakin titi ina jin na yi abin kirki.

Kasuwa ta gaba direba ne ya kawo mini takardun a cikin leda. Yaya ya kira ya ce gwiwa na damunsa, kuma tunda ba abin da zai gyara, ba dalilin wahalar hanya. Gaskiya ya faɗa. Na ce haka ne, ya huta. Daga nan aikin ya koma haka: leda ta zo, leda ta koma. A waya ba ma wuce gaisuwa, shi ba mai hira a waya ba ne. Sau da yawa na yi niyyar in ce masa ya zo kawai ya zauna, ko ba aiki. Amma a gidanmu ba mu saba irin wannan magana ba, ban san ta inda zan fara ba. Har na yi tunanin in ce masa injin ya manta haruffan. Na ji kunyar yi wa yayana ƙarya. Na bar shi a kan in an gama girbi zan je da kaina. Wata bakwai ban gan shi ba.

Ranar rasuwar, da na isa ƙauyen an riga an kai shi. Zazzaɓi ne na kwana uku, kuma shi ya hana a kira ni, ya ce ina da aiki. Na zauna cikin mata har aka yi addu'ar bakwai. Ɗalibansa suka zo gaisuwa, tsofaffi da sanduna. Ɗaya daga cikinsu ya fito da shafin da na buga daga aljihu, a ninke, ya yi laushi don yawan taɓawa.

"Ke ce ƙanwar da ke bugawa? Mushe ya ce littafinmu ya kusa."

Na ce insha Allahu.

Ranar da zan taho matarsa ta ba ni kayen a cikin leda. Ta riƙe hannuna a bakin ƙofa.

"Kin san ranar kasuwar Dutsi yakan tashi ya yi wanka ya sa rigar fita," ta ce. "Sai ya zauna a kan tabarma da ita har hantsi, sannan ya tuɓe."

Na gyaɗa kai.

Kayen yana cikin aljihun teburina. Darasi ashirin ya jera a shafin farko, sha bakwai muka gama. Biyu suna nan da hannunsa cikakku, na ƙarshen kuwa kan darasin kawai ya rubuta, a kan yashe rijiya, da layi huɗu a ƙasa. Nakan buɗe in shago ya yi shiru, in karanta, in mayar. Har yanzu ban buga ukun nan ba.