Muryar Malam a Cikin Turmi

Duk wanda ya taɓa kai wa Kallamu gyaran rediyo ya san halinsa. Ba ya kara kunne. Tafin hannu yake ɗorawa a jikin akwatin, ya lumshe ido kamar mai duba zazzaɓin yaro, can ya ce, "Wannan baki ne da shi, ba shi da ƙirji." Mai rediyo ya gyaɗa kai, ko ya gane ko bai gane ba.

Rumfarsa tana gindin darbejiya, a bakin hanyar da ta baro Ɗanbatta ta ratsa gonakin gyaɗa. Kakanninsa daga Barno suka zo da fataucin kanwa, ƙasar ta karɓe su suka sauke kaya. Yau in ba sunansa ba, babu abin da ya rage masa na can. Da damina manomi ne kamar kowa. Da rani kuwa lasifikar masallaci, da sifikun 'yan biki, da wayoyin da suka faɗa rijiya, duk wurinsa suke kwana. Abu ɗaya ne ba ya haƙuri da shi: zizar wani abu a cikin sauti. Ko ƙusa ce ta saki a rufin kwano, sai ya tashi ya nemo ta.

Mahaifinsa, Malam Abdulmumini, dillalin shanu ne, mai murya kamar daga ƙasan rijiya. In ya yi gyaran murya a kara, har bijimai sai sun waiwayo. Bayan rasuwarsa ne Kallamu, yana tonon tarkace, ya ci karo da wani tsohon kaset. Tun yana saurayi aka kawo masa rikoda gyara, ya danna jan maɓalli a tsakar gida don gwaji, ya manta. Abin da kaset ɗin ya kama bai taka kara ya karya ba. Malam ne yake cewa, "Kaltumi, furar nan ta maƙwabta ce ko? Na ji ta yi daɗi." Mahaifiyarsa Inna Kaltumi ta ce, "To gobe ka je can ka sha." Sai dariyar Malam.

Da murna ya juye maganar a waya ya kai wa uwar tasa.

Inna ta saurara, ta ce, "Wane ne wannan?"

"Baba ne mana, Inna."

"Wannan mai murya kamar ɗan akuya? Tawa dai na gane ta. Ɗauke abinka."

Ya ɗauka shi ke nan. Sai da matarsa Aina'u ta tare shi a bakin murhu. "Baban Ummu, ka san ɓarnar da ka yi kuwa? Inna ta ce da, in ta rufe ido tana jin Malam tsaf. Tun da ka kunna mata abin nan, in ta nemi muryarsa a ranta, wannan 'yar siririyar ce take zuwa. Ko tuwon kirki ta daina ci."

Kallamu ya zauna a kan buhun gero. Shi ya san dalili: sifikar waya ba ta kai ƙwayar gurjiya ba, kaurin murya ba ya iya fitowa ta cikinta. Amma sani bai mayar wa Inna abin da ya ɗauke mata ba.

Washegari ya hau mota sai Kano, shagon Sabiru, inda yake sarin kayan gyara. Sabiru ya jawo wata ƙatuwar sifika mai fitilu suna ta wal-wal. "Ga bes, Malam Kallamu! Wannan in ka kunna ta a Ɗanbatta, a Shanono za a yi rawa."

Suka sa muryar Malam. Ta fito da kauri kam, amma a dagule, kamar an cusa mutum a cikin duro yana magana.

"Ni ba rawa na zo nema ba. Ubana nake nema."

Sabiru ya daina dariya. Ya lalubo hoto a waya ya miƙa masa. "Irin waɗannan kake nufi, na zaman ɗaki. Ba ma kawo su, wa zai saya? Sai an yi oda daga waje, ka yi ta jira, kuma sai ka sayar da shanun noma."

Kallamu ya ƙura wa hoton ido. Akwatin ba shi da kusurwa, a zagaye yake kamar ciki. "Da nauyi?"

"Mutum ɗaya ba ya ɗaga ta. Katakon ne da kauri, don kada jikin ya riƙa rawa yana sa baki a maganar."

Ya sayi sifika tsirara, babba ɗaya da 'yar ƙarama mai fitar da siririn sauti, ya kamo hanya. Tun a mota yake tunanin abu mai nauyi, mai kauri, marar kusurwa. Yana shiga gida idonsa ya sauka a kansa.

"Turmina?" in ji Aina'u, ta riƙe ƙugu. "Na kirya, na kayan aurena? To a cikin hularka zan riƙa daka?"

"Aro ne, uwargida."

"Aron da za a huda masa ciki? Kai dai faɗi gaskiya." Ta zazzage tsakin da ke ciki, ta kakkaɓe shi da kanta. "Don Inna na ba ka, ba don kyan fuskarka ba."

Ya yanka faifan katako daidai bakin turmin, ya ɗaura sifikun, ya toshe ko'ina da gam da garin katako, ya huda ƙofar iska a gefe. Audugar tsohon matashin kai ya cusa a ciki. Da ta yi yawa Malam ya shaƙe kamar mai mura. Da ya rage da yawa ya koma gunji kamar tulu. Haka ya yi ta ƙari da ragi, masu kawo gyara suna zuwa suna komawa, har ranar da ya ɗora hannu ya ji turmin shiru kamar dutse, iska kuma tana bugun tafinsa daga ƙofar nan.

Bayan la'asar suka mirgina shi ɗakin Inna. Ta dube shi sama da ƙasa. "Yau kuma daka za a yi mini a ɗaki?"

Ya jona batir ya kunna. "Kaltumi," in ji Malam, ɗakin ya cika. Amma da dariyar ta zo, sai wani abu ya yi zzzz daga saman kabet. Ran Kallamu ya ɓaci. Ya kashe, ya bi ya gano tsohuwar langar da ake zuba wa Malam tuwo, murfinta ya ɗan lotse. Ya cusa tsumma a ƙarƙashinsa, ya sake kunnawa. Wannan karon tas, babu ko ɗigon ziza.

"Ya kusa," in ji Inna. Can kuma, "Cire tsumman nan."

"Inna, shi ne yake ɓata—"

"Na ce ka cire."

Ya cire. Malam ya sake tambayar fura, ya yi dariya, murfin langa ya amsa.

Inna ta dafe ƙirji. "Ga shi nan. In ya yi dariya a ɗakin nan haka murfin nan yake yi. Sau nawa ina ce masa zai zubar mini da jere." Ta share ido da gefen mayafi. "Maimaita."

Da Malam ya ce ta maƙwabta ce ko, tsohuwar ta riga muryarta ta cikin kaset ɗin: "To gobe ka je can ka sha!" Sannan ta juya wajen Aina'u. "Ke kuma kin tsaya kallo, akwai sauran tuwon nan?"

Turmin yana nan a ɗakin Inna, ta lulluɓe shi da zane saboda kaji. Aina'u a maƙwabta take daka, kuma kullum sai ta tuna wa mijinta. Shi kuwa Kallamu, in ya zo wucewa ya jiyo murfin nan yana ziza, hannunsa yakan motsa da kansa. Sai ya tura shi aljihu ya wuce rumfa.