Takalman Yasir a Ƙofar Gidan Gumaka

Ina tsaka da yanka albasa jiya wani hoto ya shigo wayata. Takalma ne jere a kan matakalar dutse, kamar ƙofar masallaci ranar Juma'a. Nan take na gane na ɗana Yasir, domin ni na sayo masa su a unguwar Ruwais, nan Jidda, kafin ya goya jaka ya tafi yawon buɗe ido Kambodiya.

Na tsaya ina harhaɗa abin da ya rubuta a ƙasa, tunda da girmana na koyi karatu. Wai tsohon gidan bauta ne, cike da gumaka.

Na kira shi.

"Yasir, wa ka cire wa takalmi?"

Ya yi dariya. "Ummi, halas, ya isa haka! Dokar wurin ce, kowa cirewa yake yi. Kallo kawai na shiga. Yanzu ma ina kasuwa, wallahi mangwaronsu ya fi na Jidda."

"To a ina ka yi azahar?"

Ina jin ƙarar babura da hayaniyar 'yan kasuwa a bayansa. Can ya ce, "Yalla Ummi, sai anjima, motarmu za ta tashi."

Yaron da a da shi yake tashina sallar asuba. Bai yi mini ƙarya ba, amma bai amsa ba.

Girkin ma na kasa. Takalman nan kawai nake kallo.

Iyaye mata, in naku ne, za ku sake tambayarsa, ko addu'a za ku bi shi da ita?