Zuwa Staten Island da Na'urar Auna Iska

Parkchester, unguwarmu, ƙarfe 5:40 na asuba

Mun fito ranar Asabar gari bai waye ba, ni da Mama. A wuyana akwai wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana, wadda malamar kimiyya ta ba ni aro. Idan iska tana da kyau sai ta nuna kore, idan da dama-dama rawaya, idan ta ɓaci ja. Aikina shi ne in rubuta launin a duk inda muka tsaya, har mu kai wata tashar wutar lantarki a tsibirin Staten Island da ta buɗe ƙofa ga 'yan makaranta a ranar.

Mama kuwa da nata aikin. Ina da asma, kuma ta daɗe da yanke hukunci cewa hayaƙin kamfanoni ne ya jawo mini. Ta sha ɗaurin ɗankwalinta na zuwa coci, ta ce yau za su ji daga bakinta.

Abin da ba ta sani ba, ranar Juma'a da ta kunna turaren wuta a falo na'urar ta yi ja, na cusa ta ƙarƙashin matashi, na bar layin a littafina ba rubutu. Duk sanda ta kunna turaren ƙirjina yana tsukewa, sai in shiga banɗaki in shaƙi magani. Kakata ce ke haɗa turaren da hannunta a Biu tana aiko mata, shi ya sa ban taɓa iya faɗa ba.

Cikin jirgin ƙasa

Jirgi mai lamba shida ya iso 5:55. Mun sauka a titi na 125, muka hau mai lamba huɗu. Na'ura ta yi rawaya a tashar ƙarƙashin ƙasa. Wani mutum da ke gyangyaɗi a gabanmu ya sa safa ɗaya baƙa ɗaya ruwan toka. Mama tana ta bitar jawabinta a hankali, tana nuna tagar jirgi da yatsa.

"In na ce musu 'ba ku da 'ya'ya ne?' ya yi zafi da yawa?"

"Ya ɗan yi, Mama."

"To, da shi zan fara."

Jirgin ruwa, 7:00

A tashar jirgin ruwa akwai ɗan sanda da kare mai sansana jakunkuna. Karen ya sa hanci a jakar Mama, inda ta ajiye kwalbar turaren da za ta kai wa Gwaggo Laraba, yayar Baba. Ya ja da baya, ya yi atishawa sau uku. Ɗan sandan ya buɗe kwalbar, shi ma ya sansana, ya ce mu wuce.

"Karen ma na fama da iskar garin nan," in ji Mama.

Ba a biyan ko sisi a wannan jirgin. Tafiyar minti ashirin da biyar ce, kusan kilomita takwas. Na'ura ta yi kore shar a tsakiyar ruwa. Mama ta ƙi kallon ruwan, ta kafa wa rigunan ceto ido tana ƙirga su, ko za su ishe mu.

St. George, gidan Gwaggo Laraba, 7:45

Gwaggo ta tarbe mu da masa da miyar taushe da kunun gyaɗa. Kafin mu sa hannu sai ta ga kwalbar. A gidanmu baƙo ba ya fita sai an turara shi, don haka nan da nan ta kunna gawayi a kasko, ta barbaɗa turare, ta rufe tagogi kada ƙamshin ya tsere. Ta turara zanin Mama, ta turara rigata, sannan ta ɗaga na'urar daga wuyana ta riƙe ta a kan kaskon.

"Kayan makaranta ne, kada a ce daga gidan ƙazamai ya fito."

Na'urar ta yi ja, har tana ƙyaftawa. Ban taɓa sanin tana ƙyaftawa ba.

"Yaya Laraba, kin gani ko?" in ji Mama. "Tun daga nan hayaƙinsu ya iso. Yaya kuke rayuwa a tsibirin nan?"

"Sai haƙuri, Maman Hannatu. Ni ma kullum da tari nake tashi."

Mama ta juyo gare ni. "Hannatu, rubuta. Ki ja masa layi biyu."

Na rubuta, na ja layi biyu, na nemi hanyar banɗaki.

Tashar wutar lantarki, 10:00

Bas ta ɗauke mu minti arba'in da biyar. A bakin ƙofa masu gadi suka duba katinmu, suka ba kowa hular kwano. Mama ta ce ba za ta kwance ɗaurin da ya ci mata rabin awa ba, sai ta ɗora hular a samansa. Tana tafiya hular na rawa, ta fi kowa tsawo a wurin.

Wanda ya zaga da mu wani injiniya ne mai furfura. Da ya ji Mama na yi mini faɗa in miƙe wuya, sai ya juyo ya gaishe ta da Hausa. Sunansa Malam Issaka, ɗan Zongon Kumasi. Wannan ya ɗan rage wa jawabin Mama ƙarfi, domin yana da 'ya'ya biyar kuma ya nuna mata hotonsu.

Ya nuna mana dogayen bututun hayaƙi guda uku. Ya ce a da kowane inji da iyakar hayaƙin da aka yarje masa. Yanzu takardar izininsu ta ba tashar gaba ɗaya iyaka guda a shekara. Ana haɗa na manyan bututu, da na janareta, da na ƙananan injina a lissafi ɗaya. In suna so su ƙara aiki a nan, dole su rage a can.

"To in abin ya wuce, wanne za a kama?" in ji Mama.

"Mma, hukuma ba ta tambayar wanne. Gidan duka take kamawa."

Mama ta fizge littafina ta miƙa masa. "To ga shaida. Dubi inda aka ja layi."

Ya gyara tabarau. A farfajiyarsu na rubuta rawaya, a tashar bas ma rawaya. Ya karanta da ƙarfi: "Falon Gwaggo Laraba, ja." Ya ɗan shaƙi iskar da ke tashi daga zanin Mama, sai na ga gefen bakinsa ya motsa. Bai kalle ta ba, ni ya kalla.

"'Yata, mai awo ne ke bayani. Me ake yi a falon a lokacin?"

'Yan makaranta goma sha biyu da iyayensu suka juyo suna kallona, duk da ba sa jin Hausa. Na kalli takalmina. Igiyar na hagu ta kwance.

"Turare ne, Mama," na ce. "Ranar Juma'a ma a falonmu ja ta yi. Shi ne layin da ba komai."

Hular Mama ta daina rawa.

Malam Issaka ya ce kada mu wanke su tas. Nasu hayaƙin yana tashi sama ya sauka nesa, kuma 'yar na'urata ba ta kama kowane iri. Amma ƙirjin yarinya haɗa komai yake yi, na bas da na kamfani da na falo.

Komowa

Bas ta mayar da mu tashar jirgin ruwa. Sai da jirgin ruwa na 12:30 ya raba tsakiya, Mama ta yi magana tana kallon ruwan.

"Tun yaushe?"

"Tun ina aji biyar."

"Shekara uku kina shiga banɗaki, ni ina cewa cikinki ne ba shi da kyau, ina ta ɗura miki jiƙo?"

"Turaren na Kaka ne, Mama."

"Ke ma ai ta Kaka ce." Ta ja ni jikinta, sai ta tuna da zanin, ta ture ni. "Koma can wajen iska."

Parkchester, 2:15

Mun tarar da Baba ya ɗora mai a wuta zai soya kifi, kicin ya turnuƙe. Mama ta kashe murhun tun kafin ta ajiye jaka. Ta sanar cewa daga yau gidan nan iyakarsa ɗaya, kuma hayaƙi sau ɗaya a mako. Ta riga ta ɗauki na wannan makon: gobe Lahadi, a bakin taga, lokacin da nake ajin waƙa a coci.

"Ni me na yi?" in ji Baba. "Kifi ne fa."

"Ba a tambayar wanne, Baban Hannatu. Gidan duka ake kamawa."

"To a raba makon biyu mana."

"Ka rubuto takarda, za a duba."

Mun gode wa Allah da ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, mun gode wa Gwaggo Laraba da masarta, da Malam Issaka da haƙurinsa. Da yamma Baba ya ci dafaffen kifi yana hararata, ni kuwa na zauna a falo har aka gama labarai ban tashi ko sau ɗaya ba.